Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Kula da Hanyoyi Kan Kwanar da Ake Cewa Fatalwa Ce ke Kashe Mutane a Cikinta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, Shugaba da injiniyoyi da sauran jami'an hukumar kula da hanyoyi, tare da takwarorinku masu aikin kiyaye haɗurra. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne da yawun mutanen ƙauyukan da hanyar nan ta ratsa, da direbobin haya da 'yan babur masu bin ta safe da yamma, da kuma iyalan da suka karɓi gawar ɗan uwansu daga kwanar da ke gangaren gada. Sun ɗora mini nauyin rubutun ne saboda gidana ne mafi kusa da wurin, kuma ƙofata ake fara bugawa idan an ji ƙarar ƙarfe cikin dare.

Abin da ya sa muka kasa ci gaba da yin shiru shi ne jerin ayyukan da kuka fitar na bana, wanda muka duba daga farkonsa har ƙarshensa ba mu ga sunan wannan kwana ba, alhali an yi mana alkawarin gyaranta a gaban gawarwaki. Abin da ya iso gare mu kawai shi ne allo guda ɗaya mai cewa a yi hattara, wanda aka kafa a tsakiyar kwanar, wato inda mai gudu zai karanta shi bayan lokacin taka birki ya riga ya wuce. Wani jami'i kuma da ya zo mana ta'aziyya ya ce, cikin tausayi na gaskiya, wurin nan an daɗe da sanin abin da ke cikinsa, sai dai addu'a. Ban zarge shi da mugun nufi ba, amma maganarsa ta tsaya mini a rai, domin a ranar na gane cewa labarin da muke ba juna a zaure ya shiga ofis ya zauna a kujerar da ya kamata injiniya ya zauna.

Ya kamata ku ji labarin yadda muke jin sa. Ana cewa wajen ƙarfe biyu zuwa uku na dare wata mace mai fararen kaya takan tsaya a tsakiyar kwalta daidai inda gangaren ya fara, kuma direban da ya yi ƙoƙarin kauce mata sai ya tsinci kansa a ƙarƙashin gada. Wasu na cewa takan ɗaga hannu a rage mata hanya, ta shiga kujerar baya ba ta ce uffan ba, idan an haye gadar aka waiwaya sai a ga kujera babu kowa, sai sanyi kawai. Akwai masu cewa amarya ce da ta rasu a wurin shekaru masu yawa, akwai masu cewa aljana ce da aka sare bishiyar da take zaune lokacin da aka fasa hanyar, kuma kowa ya yarda cewa kwanar tana shan jini da faɗuwar damina. Mutanen da ke faɗin haka ba mahaukata ba ne, ba kuma maƙaryata ba. A cikinsu akwai dattawan da ban taɓa kama su da ƙarya ba. Ni dai ban zo yin gardama kan gaibu ba, wannan fagen malamai ne. Abin da na sani shi ne, duk abin da ake iya aunawa da igiyar awo a wannan kwana ba a auna shi ba tukuna, kuma bai halatta a jingina wa ɓoyayye laifi ba alhali bayyananne yana tsaye a gabanmu da rana tsaka.

Ƙorafinmu na farko yana kan yadda hanyar take. Mai zuwa daga gabas yakan yi doguwar tafiya a miƙe, babu gari babu mahaɗa, har ƙafarsa ta saba da totur ya daina duban allurar gudu. Daga nan sai ɗan tudu ya tare masa gani, yana hawa kansa kuma sai hanya ta gangara ta karya hagu a lokaci guda, ta nufi gadar da motoci biyu ba sa iya giftawa a kanta cikin natsuwa. Shingen ƙarfen gadar ya karye tun da daɗewa, abin da ya rage guntayen ginshiƙai ne. Ruwa ya zaizaye bakin kwaltar ta wajen kwanar har ya bar gargada mai zurfin da idan taya ta faɗa, sitiyari ba ya ƙara jin maganar mai riƙe da shi. Farin layin tsakiya ya goge, kuma da damina ciyawa takan tashi ta fi mutum tsawo a cikin kwanar, ta yadda wanda ke sauka ba ya ganin wanda ke hawa sai sun yi ido huɗu.

Ku kun fi ni sanin lissafin, amma bari in faɗe shi domin sauran masu karatu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin idon direba ya ga abu, ƙwaƙwalwarsa ta gane shi, ƙafarsa ta kai kan birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, mota ta ci mita 40 da ɗoriya ba a rage komai ba. Bayan haka tana buƙatar fiye da mita 50 kafin ta tsaya, idan kwalta a bushe take kuma tayoyi da birki lafiyayyu ne. Jimilla kusan mita 100 ke nan, alhali ƙaramar fitilar mota ba ta cika haska abin da ya wuce mita 60 ba. Wato mai wannan gudu cikin dare ya riga ya yi karo da abin da bai gani ba tukuna. A gudun kilomita 60 kuwa, duk wannan ba ya wuce mita 45 ko makamancin haka. Haka nan ƙarfin da ke fizgar mota waje a kwana yana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninku sau biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4 cikin 100. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar taimakon fatalwa kafin ya hallaka cikin mota guda.

Game da abin da idanu ke gani kuwa, na taɓa raka wani direba da ya tsira daga wurin, bayan ya warke, domin ya nuna mini inda ya gan ta. Mutum ne mai hankali, ya shekara fiye da ashirin a kan sitiyari, kuma jikinsa na rawa lokacin da muka iso. Ya nuna mini da yatsa, muka taka har wurin, sai ga ragowar ginshiƙin gada mai tsohon farin fenti, tsawonsa ya kai ƙirjin mutum, iska ta naɗe masa wani yagaggen farin buhu a ka. Ya daɗe yana kallon sa bai ce komai ba. Da na tambaye shi yaushe rabonsa da barci a daren, sai ya ce tun asubahin jiya yake kan hanya, ya sauke fasinja ya sake lodi domin kada ya rasa layi. Wani bincike da aka wallafa daga Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu natsuwarsa takan ragu kamar ta wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, wanda shi ne iyakar da dokar ƙasashe da yawa ta hana tuƙi a kanta. Tsakanin ƙarfe biyu na dare da asuba ne barci ya fi rinjayar jikin ɗan Adam, kuma a irin wannan hali mutum kan yi gyangyaɗin daƙiƙa biyu ko uku idonsa a buɗe, ya ga abin da babu, ko ya ga kututture ya zama mutum. Ku haɗa wannan da raɓar da ke kwanciya a kwarin rafi gab da asuba, wadda hasken fitila ke mayar da ita farin mayafi mai motsi. Lokacin da ake cewa matar tana fitowa shi ne daidai lokacin da gajiyayyen ido ya fi yaudarar mai shi, kuma daminar da ake cewa kwanar tana neman jini ita ce lokacin da kwalta ke santsi ciyawa kuma ta rufe gani.

Ƙorafi na biyu ya fi mini ciwo, domin ya shafi gidana. Labarin da kansa ya zama makami. Duk direban da ya ji shi, idan ya doso kwanar cikin dare, abin da yake yi shi ne ya ɗaga gilashi ya ƙara wuta domin ya wuce da sauri, a daidai wurin da ya kamata ya rage. Mafi muni kuma, an koya wa kowa cewa kada ya kuskura ya tsaya wa wanda ya ɗaga masa hannu a wurin.

Ɗan ƙanwata, saurayi mai shekara ashirin da 'yan kai, yana dawowa a kan babur bayan isha'i sai tayarsa ta faɗa wannan gargada ta bakin kwalta. Ya karye a cinya, ƙarfe kuma ya yanke shi, amma ya ja jiki har ya iso gefen hanya ya zauna yana ɗaga hannu. Farar riga ce a jikinsa. Motoci sun wuce shi a daren, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sai da gari ya fara wayewa wani mai tafiya gona ya gan shi, lokacin jininsa ya riga ya ƙare, kuma likitan da ya duba shi ya ce da an ɗaure raunin an kawo shi da wuri, da ana sa ran zai rayu. Bayan kwana uku wani direba ya zo wurin zaman makoki, ya ja ni gefe yana hawaye, ya ce: "Baba, wallahi na gan shi, na ɗauka ita ce." Ban iya yi masa faɗa ba, domin tun yana yaron mota ake gaya masa abin da zai yi idan ya ga fari a wannan kwana, kuma abin da aka gaya masa ya yi. Mun karɓi ƙaddara, mun san ajali ba ya jira. Amma wanda ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, kuma shi ne ya sanya kawar da abu mai cutarwa daga hanya cikin rassan imani.

Ƙorafi na uku shi ne rashin bincike. Duk lokacin da aka yi haɗari, jami'ai kan zo su kwashe gawa, a rubuta cewa mota ta ƙwace wa direba, a rufe takarda. Ba mu taɓa ganin wanda ya dawo ya auna sawun taya, ya duba karkatar kwaltar, ko ya tambayi waɗanda suka tsira ƙarfe nawa ne kuma daga wane ɓangare suka fito ba. Inda hukuma ta bar gurbin bayani, mutane za su cike shi da abin da ke hannunsu, domin zuciya ba ta iya ɗaukar mutuwa mai maimaituwa a wuri guda ba tare da dalili ba.

Wannan kuwa ba a kanmu aka fara ba. A Afirka ta Kudu, kusa da garin Uniondale, an daɗe ana ba da labarin macen da ke tsayar da masu wucewa ta hau sannan ta ɓace, kuma asalin labarin haɗarin mota ne na gaske da ya kashe wata budurwa a 1968. A Ingila, a tudun Blue Bell da ke yankin Kent, direbobi sun sha kai rahoton cewa sun buge wata mace da ba a samu gawarta ba, kuma mutanen wurin suna danganta abin da haɗarin 1965 da ya kashe 'yan mata uku, ɗayarsu ana gobe ɗaurin aurenta. A gefen birnin Shikago na Amurka ana ba da irin wannan labari tun shekarun 1930, haka ma a titin Balete da ke ƙasar Filifin, inda ita ma fararen kaya take sawa. Mutanen da ba su san juna ba, ba addininsu ɗaya ba, sun haɗu a kan labari guda, kuma a wasu daga cikin wuraren idan aka tona sai a tarar da jinin gaske a ƙarƙashinsa. Saboda haka ina roƙon ku daina ɗaukar irin wannan labari a matsayin shirmen ƙauyawa ko a matsayin uzuri. Rajista ce ta mutanen da ba su da rajista. Duk inda kuka ji an ce hanya tana da aljanu, to jama'a ne ke nuna muku da yatsa inda 'yan uwansu ke mutuwa, kuma nan ne ya kamata ma'aunin injiniya ya fara sauka.

An kuma ga abin da ke faruwa idan hukuma ta ɗauki mataki. A Amurka akwai wata babbar hanya mai lamba 666 da mutane suka yi wa laƙabi da hanyar Shaiɗan saboda lambarta da yawan mace-macen da ake yi a kanta. A 2003 aka canza lambar zuwa 491, amma hukumomin jihar New Mexico ba su tsaya ga canza allo ba, sai da suka faɗaɗa ɓangaren da ya fi kisa ya zama mai layi huɗu. A Boliviya, tsohuwar hanyar Yungas da duniya ta sani da sunan hanyar mutuwa ta daina cin rayuka kamar da bayan an buɗe sabuwar hanya a 2006. Majalisar dokokin Suwidin kuwa ta amince tun 1997 da wata manufa da ta ginu a kan cewa ɗan Adam dole ya yi kuskure, don haka nauyi ne a kan mai tsara hanya ya tsara ta yadda kuskuren ba zai zama hukuncin kisa ba. Wannan ita ce maganar da muke so ta shiga kunnenku. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kashi 92 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki alkawarin rage wannan adadi da rabi tsakanin 2021 da 2030, kuma ba za a cika shi a ɗakin taro ba sai an bi irin wannan kwana ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani abu da zan ambata a taƙaice. Gawarwakin motocin da suka faɗi suna nan a gindin gadar suna tsatsa, suna ƙara wa wurin kwarjinin tsoro, kuma babbar motar da ta lalace a gangaren takan kwana biyu ko uku ba fitila ba alama. Wurin da kowa ke tsoron tsayawa kuma ya zama mafaka ga ɓata-gari, domin sun san babu mai zuwa duba ihun da aka ji daga can.

Ba mu wanke kanmu ba. A cikin direbobinmu akwai masu gudun ganganci da masu ɗora wa mota abin da ya fi ƙarfinta, a cikin 'yan babur akwai waɗanda ba su taɓa sa hular kwano ba, kuma mun san hannun mutum ne ya kwance wasu ƙarafunan shingen gadar. Mun zauna da shugabannin direbobi da masu unguwanni, sun yarda za su tsare duk abin da kuka kafa, limamanmu kuma sun yarda su tunatar da jama'a cewa tsayawa ga wanda ya ji rauni wajibi ne ko da a ina ya faɗi.

Abin da muke nema gare ku, ranku ya daɗe, shi ne ku turo injiniyoyi su auna wannan kwana kafin ruwan farko ya sauka, su zo da rana su kuma dawo da dare, sannan a bayyana wa jama'a abin da suka gano. Kafin a kai ga babban aiki, muna roƙon a yi waɗanda ba sa jiran kasafin shekara: a sare ciyawar cikin kwanar, a cike gargadar bakin kwalta, a sake ja farin layi da fenti mai ƙyalli, a dasa ƙananan madubban nan masu mayar da hasken fitila a tsakiyar hanya, waɗanda aka ƙirƙira a Ingila tun 1934, a jera allunan kibiya masu nuna inda hanya ta karya, a mayar da shingen ƙarfe a gadar da gefen gangaren. Allon gargaɗin da kuka kafa a ciro shi a kai shi can kafin tudun, tare da iyakar gudu a rubuce da layukan kwalta masu girgiza mota domin su farkar da mai gyangyaɗi. A turo janwe ta kwashe gawarwakin motocin nan, a kuma sa doka mai aiki kan barin lalatacciyar mota a gangaren ba alama.

Bayan haka muna neman a mayar da kwanar cikin jerin ayyukan bana, a sassauta karyewarta a faɗaɗa gadar, a kuma faɗa mana watan da za a fara domin mu san abin da za mu riƙe ku da shi. Muna neman a ajiye motar ɗaukar marasa lafiya a inda za ta iya isowa cikin ɗan lokaci, da lambar waya da ake ɗauka cikin dare, a rubuta ta a jikin gadar, domin wanda tsoro ya hana shi tsayawa ya iya aƙalla kira. A koya wa matasanmu da direbobi yadda ake danne rauni a tsayar da jini da yadda ake ɗaga wanda ake zargin ya karye a wuya ko baya. Muna da masu son koya, mai koyarwa muka rasa. Jami'an kiyaye haɗurra su zauna da shugabannin direbobi a tsayar da iyakar awannin da mutum zai yi yana tuƙi ba hutu. Kowane haɗari kuma a rubuta lokacinsa da yanayin sama da ɓangaren da motar ta fito, a riƙa fitar da adadin a fili.

Roƙonmu na ƙarshe ba ya cin ko sisi. Ku umarci jami'anku, idan sun zo mana ta'aziyya, su yi mana addu'a kamar yadda kowane mai imani zai yi, amma kada su sake ce mana wurin nan sai addu'a kawai, domin direban da ya ji haka daga bakin hukuma zai koma ya ƙara wuta a gangaren.

Duk ranar da kuka sa, za ku same mu a bakin gadar. Direban nan da ya tsira ya ce zai zo ya nuna muku ginshiƙin, ƙanwata kuma ta ce za ta zo ta nuna muku inda ɗanta ya zauna yana ɗaga hannu. Muna jiran amsarku a rubuce.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kuma ba ku ikon sauke nauyin da ke wuyanku.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani mazaunin bakin hanyar, a madadin al'ummar ƙauyukan da ta ratsa, da direbobinta, da iyalan mamatanta.